A taimaka: me za mu kira "linebacker" da Hausa? Ƙarfe 6 zan shiga ɗauka

'Yar Rediyo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. An ba ni minti 5 a shirin wasanni na daren yau in kawo tarihin Ray Lewis, ɗan wasan zari-rugar Amurka, cikin jerin da muke yi na taurarin wasannin da ba a cika kallo a nan ba. Na haɗa komai: an haife shi a 1975 a jihar Florida, ya yi wa Jami'ar Miami wasa daga 1993 zuwa 1995, Baltimore Ravens ta ɗauke shi a 1996, kuma bai taɓa sauya ƙungiya ba har ya yi ritaya bayan kakar wasa 17. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunan gurbinsa, "linebacker". Na rubuta "mai tsaron baya" amma raina bai kwanta ba.

Mai Gidan Kallo:
Ki bar shi a mai tsaron baya mana. Kowa ya san shi, lokaci kawai kike ɓatawa.

Bazazzagin Maryland:
Wa alaikis salam ƙanwata. Kada ki sa mai tsaron baya, za ki ɓatar da mai sauraro. In ƙungiya tana tsaro, mutum 11 ɗinta sahu uku suke yi. Sahun gaba ƙatti ne 3 ko 4, suna duƙe goshi da goshi da abokan hamayya. Can baya akwai masu zafin gudu da ke bin waɗanda za a jefa wa ƙwallo, su ne suka cancanci a ce musu masu tsaron baya. Su Ray Lewis suna tsakanin biyun, a tsaye, kamar yadi 4 ko 5 daga sahun gaba. In an miƙa wa wani ƙwallo ya rugo, su ke tare shi su kayar. In jifa za a yi, su ja da baya su rufe fili. Wani lokaci kuma a sake su su kutsa su kayar da mai jifan tun ƙwallo tana hannunsa. Shi Lewis na tsakiyarsu ne, shi ke duba tsayuwar abokan hamayya ya daka wa 'yan uwansa tsawa kowa ya gyara. Sannan "back" ɗin da ke cikin kalmar ba wuri kaɗai yake nufi ba. Mara baya ne, yana mara wa sahun gaba baya.

Uwar Fassara:
To ai ka faɗa da bakinka. Mai mara wa sahu baya. In ya yi tsawo a ce mara-sahu, yadda aka yi zari-ruga da dafa-duka.

Mai Gidan Kallo:
Hajiya, a rediyo ana ganin karan ɗori ne? Za a ji shi kamar mara kunya ko mara lafiya, a ce bawan Allah shekara 17 yana wasa ba shi da sahu.

Uwar Fassara:
Karin sauti ya raba su. Amma na ji, na janye.

Tsohon Malamin Hausa:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma abin da nake faɗa kullum shi ne ya sake faruwa: kuna ɗaukar kalmar Bature ku fasa ta kamar gyaɗa, ku fassara ɓawo daban, ƙwaya daban. Ba haka ake yi ba. A dubi aikin mutumin, a tambaya ko Bahaushe ya taɓa ganin mai irin wannan aiki. Ya gani kuwa. A fagen fama akwai 'yan lifida, mahayan da su da dawakinsu ke sanye da lifidi mai kaurin auduga, da kwalkwali a ka. Su ne ke tare hari in ya taso, su karya ƙarfinsa kafin ya isa inda sarki yake. Na duba hoton wannan Ray Lewis da jikana ya nuna mini a waya: kafaɗu a cushe, kwalkwali a ka, yana jiran a rugo ya tare. Ɗan lifida ne. Jam'i 'yan lifida. Ba a ƙirƙiro komai ba, kalmar tana nan tana jiran aiki. 'Yata, ki sa shi kawai.

'Yar Rediyo:
Na gode Baba. Yana da daɗin faɗi gaskiya.

Bazazzagin Maryland:
Allah ya gafarta Malam, akwai matsala ɗaya. Duk mutum 22 da ke cikin fili haka suke, kowa da cushen kafaɗa da kwalkwali, har wanda aikinsa shurin ƙwallo ne kawai. In kaya ne ma'auni, kowa ɗan lifida ne.

Tsohon Malamin Hausa:
Kowa yana sa takalmi a ƙwallon ƙafa, ya hana a ce gola? Ba kayan na duba ba, aikin na duba. In kuma lifidi ya tsole muku ido, ga barde. Barden sahu.

Uwar Fassara:
Malam, barde kirari ne, mu kuwa sunan gurbi ake nema. Gurbin nan akwai gwani a cikinsa, akwai kuma wanda aka kora bayan wata biyu, duk da suna ɗaya za a kira su. Shi kansa Lewis in za a ba da tarihinsa tsakani da Allah sai an ambaci birnin Atlanta a Janairun 2000, inda aka kashe mutum biyu bayan wani faɗa, aka tuhume shi da kisa, daga baya aka janye tuhumar ya amsa laifin kawo wa shari'a cikas, hukumar NFL mai kula da babbar gasar zari-rugar Amurka ta ci tararsa dala 250,000. Yaya jimlar za ta fita in tun daga farko "barde" kike kiransa? Mai sauraro zai ce kin ɗauki ɓangare.

'Yar Rediyo:
Yana cikin rubutuna Hajiya, jimla biyu. Shi ya sa nake son kalmar da ba yabo ba zagi.

Mai Gidan Kallo:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Layinbeka. Shi ke nan. A gidan kallona ban taɓa jin wanda ya ce "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ba in ana tsaka da wasa, fenariti ake ihu. Kwana, ofsayid, rafali, duk mun ci mun shanye.

Tsohon Malamin Hausa:
Kun ci kun shanye, shi ya sa jikokinmu ba su iya ƙirga 30 da Hausa ba. Harshen da ya riƙe masarautu ya yi yaƙi da fatauci daga Gwanja har Tarabulus, yau an ce ba shi da kalmar mutumin da ke tsayuwa a fili yana tare ɗan uwansa. Wannan lalaci ne, ba rashin kalma ba.

Uwar Fassara:
Allah ya gafarta Malam, da girmanka, lifidin ma daga Larabci muka samo shi. Sahu ma haka.

Tsohon Malamin Hausa:
Baƙon da ya shekara ɗaruruwa a gida, ya yi aure ya haifu, ba ɗaya yake da wanda ya sauka daga mota jiya ba.

Badamagare:
Salamu alaikum. In sa baki kaɗan. Duk sanda aka ce a ari kalma, sai ku aro ta Ingilishi ku ce ta zama Hausa, kamar mu ba ma cikin masu saurare. Mu a lakkwal Faransanci muka yi, "layinbeka" ba ya gaya wa ɗan Damagaram komai. Masu Faransanci na Kanada, da yake su ma suna irin wasan, ba su ari kalmar ba, "secondeur" suke cewa, wato mai dafa wa wani. In su sun iya, mu ma za mu iya. Amma a daina yanke wa ƴan Nijar hukunci daga Kano.

Mai Gidan Kallo:
Wa ya ambaci Kano yanzu? Ni ɗan Gusau ne.

Badamagare:
To ku ma ai haka ake muku, ba ku dai ankara ba.

Tsohon Malamin Hausa:
Ɗan uwanmu na Damagaram ya yi gaskiya, kuma ɗan lifida ya warware wannan, don sarakunan Damagaram ma sun yi lifidi.

Badamagare:
Ranka ya daɗe ban ce na bi ɗan lifida ba.

'Yar Rediyo:
Jama'a don Allah, 4 da rabi ta wuce. Ga wata tambayar ma: takardar da nake dubawa tana ta cewa "college", in ce kwaleji?

Bazazzagin Maryland:
A'a, jami'a za ki ce. In kin ce kwaleji mutanenmu za su ɗauka sakandare ce ko kwalejin horar da malamai. A nan Amurka wasan jami'o'i shi ne ƙofar shiga NFL, ana cika filin mutum dubu 80 ko fiye don kallon ɗalibai. Ba a ɗaukar yaro sai ya shekara 3 da gama sakandare, shi ya sa Lewis ya yi shekara 3 a Miami ya fito bai jira ta huɗu ba. Ɗaukar kuma ba ciniki ba ne irin na Turai, zaɓe ne ake yi bi da bi, ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓa. Shi ne na 26 a zagayen farko na 1996, shekarar da Ravens ta fara wasa a Baltimore bayan an kwaso ƙungiyar daga Cleveland. Ki ce "zaɓen sababbin 'yan wasa". Kuma in akwai wuri ki sa cewa ya yi fice a kokawa tun yana sakandare, masu sauraronki za su gane daga inda kayen ya samo asali. "Tackle" ma kaye ne, kada ki wahalar da kanki.

Uwar Fassara:
Kaye ya zauna daram. Ka ga wannan babu mai musu. A koma kan gurbin. Tunda aikinsa rufe ƙofar da ta buɗe a sahun gaba ne, me zai hana mai toshe kafa?

Mai Gidan Kallo:
Rabin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, gobe za ki ga an mayar da shi mai toshe ƙafa, a ɗauka ɗan ɗori ne.

'Yar Rediyo:
Ɗan tsaron tsakiya fa? Gajere ne, kuma ba a buƙatar bayani.

Bazazzagin Maryland:
Zai yi wa Lewis, amma zai ba ki kunya nan gaba. Gurbin kashi biyu ne, na tsakiya da na gefe. Lawrence Taylor na New York Giants, wanda ya fito daga Jami'ar North Carolina a 1981 ya zama gwarzon NFL baki ɗaya a 1986, na gefe ne, daga gefen yake zagayowa ya kayar da mai jifa. Za ki ce masa ɗan tsaron tsakiya na gefe? Shi kuma Lewis ɗan tsakiya na tsakiya? Kuma kalmar za ta dawo miki, don 'ya'yan 'yan Najeriya suna gurbin nan yanzu. Foyesade Oluokun da ya yi Jami'ar Yale shi ya fi kowa yawan kaye a NFL a 2021 da 2022. Ni dai in ni ne, ɗan sahu na biyu zan ce. Sai a ƙara na tsakiya ko na gefe.

Uwar Fassara:
Ɗan sahu na biyu. Ba shi da armashi amma ba ya ƙarya. Jam'i 'yan sahu na biyu. Kuma ya buɗe hanya: 'yan sahun gaba, 'yan sahun baya.

Badamagare:
Wannan ko a Maraɗi aka faɗa za a gane. Na bi.

Tsohon Malamin Hausa:
Sahu na biyu! Mutumin da kuka ce shi ne jagoran tsaro, ku mayar da shi kamar wanda ya makara sallar Juma'a. Wannan ba suna ba ne, kwatancen gida ne. Nan da shekara 10 babu mai tuna shi, ɗan lifida kuwa yaro zai ji sau ɗaya ya riƙe.

Mai Gidan Kallo:
Baba, wanda ya samu sahu na biyu ranar Juma'a ai da wuri ya zo.

'Yar Rediyo:
Ga yadda na rubuta, ku duba da sauri: "Ray Lewis ɗan sahu na biyu ne a ɓangaren tsaro, gurbin da Amurkawa ke kira layinbeka, kuma shi ne na tsakiya mai ba da umarni. A kakar 2000 tsaron Ravens maki 165 kacal ya bari aka ci su a wasa 16, suka doke Giants 34 da 7 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, aka zaɓe shi gwarzon wasan. A tsawon shekarun wasansa ya kayar da mai jifa sau 41 da rabi, ya cafke jifan abokan hamayya sau 31. Wasansa na ƙarshe shi ne Super Bowl na Fabrairun 2013, inda suka doke San Francisco 49ers 34 da 31."

Mai Gidan Kallo:
Kaye da rabi kuma? Ƙafa ɗaya ya kayar?

Bazazzagin Maryland:
In mutum biyu suka haɗu suka kayar, rabi-rabi ake rubuta musu. Ki ce "fiye da sau 40" ki huta da kiran waya. Ki ƙara da cewa an sa shi cikin zauren gwaraza a 2018. Kuma a wasan 2013 ɗin an ɗauke wuta a filin New Orleans sama da rabin awa, na san masu sauraronki za su ji daɗin wannan.

Tsohon Malamin Hausa:
Tunda kin nace, ki sa sahunki. Amma ki cire layinbeka.

'Yar Rediyo:
Baba sau ɗaya ne kawai, don mai son nema a intanet.

'Yar Rediyo:
Na fito daga ɗauka. Ɗan sahu na biyu ya shiga sau 4, layinbeka sau 1. A wurin da nake kwatanta shigarsu na ce "kamar 'yan lifida", edita bai yanke ba. Na gode ƙwarai jama'a. Mako mai zuwa Tom Brady aka ba ni, ban sani ba ko "mai jifa" zai wadatar a sunan gurbinsa.

Tsohon Malamin Hausa:
"Kamar" ɗin ce ta ɓata shi. Shi wancan kuma Madawaki ne, zan yi bayani bayan Isha'i.