Abin da aka tattara kan The Cat Concerto

To jama'a ga abin da na tsinta a wata doguwar hira da aka yi kan The Cat Concerto, katun ɗin Tom da Jerry na 1947, wanda Tom ke kaɗa fiyano har ya tashi Jerry da ke barci a ciki.

1. Kusan kowa ya ce a ƙara sauti sosai, don babu magana ko ɗaya, kiɗan Liszt, wani shahararren makaɗin fiyano, ne ke jan komai, in ka rage murya rabin daɗin ya tafi.
2. A nemi cikakkensa, wajen minti 7 ne, ba guntayen da ake yankowa ba.
3. Kan yara an rabu, wasu sun ce duke-duken sun yi yawa, wasu suka ce ai da shi muka tashi, a dai zauna tare da su.
4. Shi da Rhapsody Rabbit, katun ɗin zomon nan Bugs Bunny na 1946 da suka yi kama sosai, wa ya kwaikwayi wa? Nan fa ba a daidaita ba. Ni dai na Tom ya fi burge ni, shi ne ma ya ci Oscar.