Wa ya taɓa gama zane mai fuskar ya ce ba shi ba ne?

Mai Gawayi: Salamu alaikum ƴan'uwa masu zane na nan Tahoua. Kwana uku na yi ina zana yayata daga hoton da ke cikin salula. Na sa fensir 2B, na bi da 6B da ya fi shi baƙi wurin inuwa, har ƙyallin ido na fitar. Da na kai mata sai ta riƙe takardar nesa, ta ce: "Kai kuma, wannan ɗiyar wa ce?" Inna ta karɓa ta ce dai kallabin ta gane. Ranar ko tuwo ban ci ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana inda ya gano kuskurensa.

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam, ɗana. Ban ga zanen naka ba, amma ina da tabbacin ka ci mata goshi. Ni ma haka na yi sa'ad da nake koyarwa a lakwal. Mun zo darasin samun ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960, na ɗauki alli na zana Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, a allo. Ba don tabarau da hula ba, da babu yaron da zai gane shi. Wani abokin aikina ne ya shigo ya aza tsinke daga tsakar kai zuwa haɓa, ya karya shi biyu, ya nuna mini cewa ido a tsakiya yake zama. Ni kuwa na ɗaga su can sama, na bar wa mutum goshi kamar faɗin yatsa biyu. Da yake hankalinmu yana kan ido da hanci da baki, hannu sai ya ba su fili duka, ƙoƙon kai ya tsuke. Tun ranar nake fara da zana siffar ƙwai, in raba shi biyu, sannan in raba fuska uku: daga bakin gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa. Kunne kuma tsakanin gira da ƙasan hanci.

Ƴar Adar: Baba Mushe ya faɗi gaskiya, amma ni wanga lissahi shi ne yac cuce ni. Na haddace shi kamar karatun allo: faɗin fuska ido biyar, tsakanin ido da ido ido ɗaya, faɗin hanci daidai da wannan tsakanin. Sai na zana babanmu. Hancinsa ya fi abin da lissafin ya ce faɗi, leɓensa ma ya fi kauri. Maimakon in yarda da idona sai na rage su har sunka shiga cikin layi. Zane ya yi kyau, amma wani baƙo ne na zana, har ƙanena yana tambaya ko balarabe ne. Waɗanda sunka tsara waɗannan ma'aunai fuskokin mutanensu sunka duba, mu kuwa a gari ɗaya akwai Ba'adare da Buzu da Bafillace, kowa da irin hancinsa.

Abin da nake yi yanzu: in miƙe hannu sarai, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, in rufe ido ɗaya, in auna faɗin idon mutum da kan fensir da babban yatsa. Wannan awon shi ne mudu na. Da shi nake auna hanci, da baki, da nisan gira zuwa haɓa. Inda mutum ya saɓa wa lissafin, nan nake tsayawa in sake aunawa, don kamarsa a nan take.

Mai Allon Aski: Ni aikina allunan masu aski da bayan manyan motoci, kuma jika biyar na yi asara kafin in koyi nawa darasin. Wani saurayi ya kawo hoton da ya ɗauki kansa da salula, na tsaga hoton gida-gida kamar na dara, na tsaga takardata haka, na kwashe komai gida bayan gida ba kuskure. Ya zo ya ce na kumbura masa hanci, na ɓoye masa kunne, ba zai biya ba. To ai abin da ke hoton ne! Ashe in salula ta matso kusa da fuska, abin da ke gaba girma yake yi, na baya ya ƙanƙance. Yanzu ba na karɓar hoton da mutum ya ɗauki kansa. Ina sa shi ya tsaya taku uku ko huɗu, in ɗauke shi da kaina, a inuwa, haske na zuwa ta gefe ɗaya.

Ɗan Abalak: Ku kuna da sauƙi, kuna ganin kunne da gashi. Ni kakana na zana, da rawaninsa da amawali, ido da karan hanci kaɗai a waje. Ina zan sami kashi uku? Sai da na ga hanyar nan ta Loomis, wani mai zane ɗan Amurka: ka fara da ƙwallo, ka share gefe da gefe, ka rataya muƙamuƙi. Na zana kan duka a hankali kamar babu rawani, sannan na naɗa masa rawanin a kai. Da can rawanin nake fara zanawa, ya fito kamar an kifa ƙwarya a kan turmi. Masu zana mata da hijabi, ku gwada.

Hajiyar Ɗinki: Nawa gajere ne. Na zana jikata mai shekara 2 da lissafin manya, ta fito tsohuwa. Idon jariri a ƙasa da tsakiya yake, goshi babba, haɓa ƴar ƙarama.

Tsohon Mushe: Hajiya, kin tuna mini. Kuma duk wanda zanensa ya ƙi, ya nuna shi ga madubi ko ya juya shi kai ƙasa, karkatar za ta fito fili. Marigayi Moustapha Alassane da ya zauna a garin nan, da zanen kwaɗi ya yi finafinan da suka kai sunan Nijar waje. Kada fuska ɗaya ta hana yaro cin tuwo.

Mai Gawayi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauko tsinken tsintsiya na auna. Baba Mushe, goshin kam na ci, amma kaɗan. Babbar ɓarnar irin ta Ƴar Adar ce: idanun yayata sun fi nisa da juna, ni kuma na matse su, na kuma tsawaita mata haɓa. Na sake sabo, ban sa inuwa ba sam, layi kawai. Na ajiye shi a kan tabarma ban ce komai ba. Ɗanta mai shekara 4 ya zo wucewa ya tsaya, ya ce "Mama." Ita kuwa ta ce kamannin sun yi, sai dai in rage mata kumatu. Na ƙi.