Wace kyamara ta dace da yawon kwale-kwale a fadamun Nguru?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna shirin zuwa Nguru mu huɗu a watan Janairu, mu shiga kwale-kwale mu zaga fadama, in hali ya yi mu ƙarasa Dagona mu ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Ɗaukar hoto sha'awa ce kawai a wurina, ba sana'a ba, kuma da waya nake yi. Waya tana fitar da ruwa da sararin sama da kyau, amma da na jawo tsuntsu kusa sai hoton ya dagule. Ina so in sayi kyamarata ta farko, ko da ta hannu ce. An nuna mini Nikon P950, aka ce tana jawo abu sau 83. Wani kuma ya ce in nemi irin ta masu hoton biki wadda ake canza wa gilashi. Wacce ta fi dacewa da cikin kwale-kwale? Kuma yaya ake kare ta daga ruwa da ƙurar hunturu? Allah Ya saka da alheri.

Malam Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada lambar nan ta 83 ta ɗauke maka hankali. P950 kyamara ce mai kyau ga wanda yake tsaye a tudu ya ɗora ta a kan marikin kyamara mai ƙafafu uku, amma kwale-kwale ba ya tsayawa cik. Idan ka zuƙe zum ɗinta zuwa ƙarshe, wato milimita 2000 (ma'aunin ƙarfin jawowar gilashi ke nan), abin da take gani bai fi faɗin digiri ɗaya da ɗan wani abu ba. Matuƙi ya motsa gora, ko abokinka ya gyara zama, tsuntsun ya fice daga idonka, kafin ka sake lalubo shi ya tashi. A wannan ƙarshen kuma buɗin gilashinta ya ƙuntata zuwa f/6.5 (in lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake yi), ga sensarta, wato farantin ciki da ke karɓar haske ya zama hoto, ƙarama ce, kusan milimita 6 da 4.5. Da sassafe, lokacin da tsuntsaye suka fi walwala, haske ba zai ishe ta ba. Ko dai ta rage saurin shata, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe a ɗauki hoto, hoton ya yi rawa, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, hoton ya cika da tsakuwa-tsakuwa, gashin tsuntsun ya shafe.

A cikin jirgi, tsawon da hannu zai iya riƙewa yana tsakanin milimita 400 da 600. Shi ya sa nake ba ka shawarar Panasonic FZ300, wadda a wasu ƙasashe ake rubuta mata FZ330. Sensarta ƙarama ce ita ma, amma gilashinta yana tafiya daga 25 zuwa 600 ba tare da buɗinsa ya sauka daga f/2.8 ba, ma'ana hasken da ke shiga ya ninka na f/6.5 fiye da sau biyar. An toshe gaɓoɓinta don feshin ruwa da ƙura, nauyinta bai kai gram 700 ba, kuma gilashinta ba ya cirewa, don haka ƙurar hunturu ba ta da babbar ƙofar shiga. In aljihu ya yi nauyi, Sony RX10 IV ta fi ta inganci nesa ba kusa ba: ita ma 600 take kaiwa, sensarta ta ninka waccan kusan sau huɗu, fokas ɗinta yana bin tsuntsu yana tashi. Sai dai ko ta hannu tana da tsada, kuma ta haura kilo ɗaya.

Ga yadda za ka saita ta, ko wacce ka saya. Juya maɓallin sama zuwa S, a Canon ana rubuta Tv. Sa saurin shata 1/1000 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi. Bar ISO ya zaɓi kansa, amma ka yi masa iyaka: 800 ga ƙaramar sensa, 3200 ga babba. Kunna ɗauka a jere, ka riƙa sakin huɗu ko biyar a danna ɗaya, domin a cikinsu akwai wanda zai faɗo daidai lokacin da jirgin ya lafa. Fokas ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya. In ka bar wa kyamara ta zaɓa, ciyawar da ke gaban tsuntsun za ta kama, ta bar maka tsuntsun a dushe.

Hajiyar Studiyo:

Malam ya yi gaskiya a kan P950, amma a kan zaɓi na ɗan saɓa masa. Wanda zai ci gaba da wannan sha'awa bayan tafiyar Nguru, gara ya sayi Nikon D3500 ko D5600 ta hannu, ya haɗa da gilashin AF-P DX 70-300. Sensar waɗannan milimita 23.5 ce da 15.6, ta ninka ta FZ300 wajen sau goma sha uku. Gilashin 300 a jikinsu yana ba da kusan 450 a ma'aunin da Malam ya yi amfani da shi, kuma da yake hoton megafiksel 24 ne, kana iya yanke gefe-gefe tsuntsun ya cika hoton bai fashe ba. D3500 da wannan gilashi duka ba su kai gram 900 ba. Ga kuma maganar batir, wadda ba ƙaramar magana ba ce a wurin da ba ka da tabbacin wuta: a ƙiyasin kamfani caji ɗaya na D3500 yana ɗaukar hoto sama da 1,500, alhali FZ300 ba ta kai 400 ba, P950 kuma ba ta kai 300 ba. In ƙananan ka zaɓa, batir uku za ka riƙe. A ɓangaren Canon, abin da ya yi daidai da wannan shi ne gilashin 55-250 STM, wanda ke ba da kusan 400.

Abubuwa biyu ke kayar da masu saye. Gilashin nan na 70-300 iri biyu ne masu kama da juna, ɗaya an rubuta VR a jikinsa, ɗaya babu. VR shi ne abin da ke danne rawar hannu, kuma a cikin jirgi ba a yi sai da shi, ko don ka iya tsayar da tsuntsun a idonka. Na biyu, gilashin AF-P ba ya aiki da tsofaffin jiki irin D3200 da D5100. Kada ka biya sai an ɗaura shi a gabanka ya kama fokas.

Wajen duba ta hannu, cire gilashin ka haska fitilar waya ta bayansa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, bar shi ko an rage maka kuɗi, don yaɗuwa take yi. Ɗauki hoton farin bango a f/16 ka buɗe shi a kwamfuta, duk dattin da ke kan sensa zai fito ɗigo-ɗigo. Nemi a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta. Ƙananan irin waɗannan akan ƙiyasta shatarsu a wajen 100,000, to wadda ta sha bukukuwa ta kusa wannan lamba ba ta da sauran dogon kwana. Leƙa ramin batir da na katin ajiye hotuna, in akwai tsatsa ko kore-kore, ta taɓa shan ruwa.

Raunin wannan zaɓi shi ne ba a toshe su don ruwa ba, kuma kwaɗayin canza gilashi zai zo maka idan ka ga faɗin fadama. Kada ka canza a kan ruwa, balle a watan Janairu da iska ke ɗauke da ƙura. Ɗaura dogon tun a masauki, faɗin wuri da hoton abokai ka bar wa wayarka, ai ka ce tana yi da kyau.

Ɗan Gashuwa:

Manya sun gama da kyamara, ni kan ruwan zan yi magana, domin rabin hoton a hannun matuƙi yake. Janairu lokaci ne mai kyau. Baƙin tsuntsaye sukan fara sauka bayan damina, su kai wajen Maris, kuma a lokacin ruwan da kogin Haɗeja da na Jama'are suka malalo ya fara janyewa, tsuntsaye sun taru a inda ya rage. Ban da baƙin agwagi, za ka ga na gida: kirinjijiya garke-garke, ɗinya, zalɓe, balbela. Amma ruwan ba kullum yake inda aka bar shi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 malalar ta canza, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyi da dama, musamman wajen mashigin Marma, hanyar ruwan da ke kaiwa tafkin Nguru. Saboda haka ka tambayi masunta ko sarkin ruwan wurin wace hanya ce a buɗe a wannan makon. Dagona kuwa tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, ba a faɗa mata kai tsaye, sai ka bi ta hannun ma'aikatan gandun ka karɓi izini da ɗan rakiya. Ka tambaye su halin hanya da na tsaro kafin ku taso daga Kano.

Nemi jirgin gora ko filafili. In mai inji ne kawai ya samu, ku yi yarjejeniya tun a gaɓa cewa zai kashe injin tun daga nesa ya bar jirgin ya sulala. Ƙarar inji tana korar tsuntsu, girgizarsa kuma tana bi ta katako ta shiga hoto. Kada ka jingina kyamara ko gwiwar hannu a bakin jirgi. Zauna a ƙasa, ka ɗaga gwiwoyinka ka ɗora hannu a kansu, ka manna tagar leƙe a idonka maimakon miƙa hannu kana kallon sikirin. Ƙafafu uku ba su da amfani a nan, rawar jirgin suke kwashewa su miƙa wa kyamara. Faɗa wa matuƙi ya sa rana a bayanku, kuma ya tunkari garke a karkace, ba kai tsaye ba. Ku fita da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, zuwa ƙarfe tara. Da rana ta take, tururin zafi kan ruwa yana narkar da duk abin da ke nesa, komai tsadar gilashi.

Yallaɓai, maganar rai ta fi ta hoto. Kowa ya sa rigar ceto, ku zo da abinku don ba lalle ku samu a gaɓa ba. Ƙaramin kwale-kwale kada ya wuce mutum biyu da matuƙi, ku huɗu ku ɗauki biyu. Kada kowa ya miƙe tsaye, kada ku karkata gefe ɗaya gaba ɗaya don an hango wani abu. Lodi fiye da ƙima ne ya jawo haɗarin kwale-kwale na Bagwai a jihar Kano a 2021, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku dawo gaɓa kafin magariba. Ruwan fadama kuma akwai tsargiya a cikinsa, a rage tsoma ƙafa. Mata masu wanki ko wanka ba a ɗaukarsu, masunci ko makiyayi kuwa a gaishe shi a nemi izini tukuna.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Hankalina ya karkata ga D5600 ɗin da Hajiya ta faɗa. Saura biyu: tunda ba a toshe ta ba, me zan saka ta a ciki? Sannan a waya, farar balbela takan fito fari fat babu gashi, tsuntsun da ke sama kuma ya fito baƙi ƙirin. Kyamara za ta gyara wannan da kanta?

Malam Mai Hoto:

Ba za ta gyara ba, ita ma haka za ta yi, don tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki. Maɓallin da aka zana wa alamar +/- shi ne maganin. Farar balbela a gaban ciyawa mai duhu, rage zuwa -0.7 ko -1. Tsuntsu a cikin farin hazo, ƙara zuwa +1, wani lokaci har +1.7. Ka tuna ka mayar da shi sifili bayan ka gama, nan ne mutane suka fi asarar hotunan safiya guda. Kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, haɗe da JPEG na yau da kullum, saboda RAW yana ba ka damar rage dushewar hazo a kwamfuta. Gilashin nan mai kashe ƙyallin ruwa da ake ɗaurawa a gaba yana cinye fiye da rabin haske, ka bar shi don hoton wuri, ba na tsuntsu ba.

Na ajiya, nemi jakar roba mai kauri da ake naɗe bakinta sau uku a ɗalle, mai lita 10, ka bar ɗan iska a ciki don ta yi iyo in ta faɗa, ka ɗaure ta a katakon zama. In ba ka samu ba, ƙaramin bokitin fenti mai murfi da tawul a ciki ya wadatar. Lokacin shiga jirgi da fita kyamara ta kasance a ciki, don a nan aka fi zamewa. Igiyarta kullum a wuya, murfin inuwa na gaban gilashi kullum a ɗaure, yana tare feshi. Ƙura kuwa a fara hure ta da ɗan famfon roba kafin a goga ƙyalle mai laushi; gefen riga da yashi a kai karce gilashi yake yi. Kati biyu na 64GB sun fi ɗaya babba, kuma ka gwada su a gida ka cika su, don jabu suna da yawa. In tsautsayi ya sa ta jiƙe, kada ka kunna ta don ka gani ko tana aiki. Zare batir da kati nan take, goge ta, buɗe ƙofofinta a inuwa mai iska, ka kai wa mai gyara da wuri. Katin yakan tsira da hotunansa in ya bushe sarai kafin a saka shi a wani abu.