Kumfa a gindin kunnen bokiti, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin roba. Ina kula da injin zuba roba a wata ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, Kano. Mako biyu ke nan bokitanmu na PP (nau'in robar polypropylene) suna fitowa da kumfa a gindin kunne, inda robar ta fi kauri. Na rage zafi daga digiri 240 zuwa 220, na ƙara lokacin matsi da daƙiƙa 3, shiru kake ji.

Da na gasa wurin sai ya lotsa, bai kumbura ba, shi ya sa nake zaton tsukewa ce, ba iska ba. Rabin kayanmu niƙaƙƙiyar tsohuwar roba ce, maigida kuwa ba ya son a taɓa maganar. Ko ƙofar shigar robar ce ke daskarewa da wuri? In faɗaɗa ta, ko da abin da zan fara gwadawa?