Shin fiɗar gawa ta gama amfani ga ɗaliban likitanci?

An yi wannan muhawara a zauren malaman likitanci da ɗalibansu a Jos, bayan wani likitan tiyata ya nemi a rage fiɗar gawa, wato yanka gawa don koyon sassan jiki, a riƙa kai ɗalibai asibiti tun suna aji biyu.

Likitan tiyata: Ina nan a kan bakana. Ɗalibi yakan shafe wata da watanni yana shaƙar fomalin, maganin adana gawa, yana haddace sunayen jijiyoyi, amma idan ya zo aji huɗu aka nuna masa ɗan acaɓan da ya karye a dantse, hannunsa ya langaɓe daga wuyan hannu, sai ya yi zuru. Alhali kuwa jijiyar radiyal da ya haddace ce ta ji rauni, domin ta bayan ƙashin dantse take kewayawa.

Malamar anatomi (ilimin sassan jiki): Likita, wannan ba laifin gawa ba ne. Hoton kwamfuta jiki guda yake nunawa, gawa kuwa tana koya wa ɗalibi cewa hanyoyin jini sukan bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda bai taɓa ɗaga jijiyar jinin mahaifa da hannunsa ya ga bututun fitsarin ƙoda ya ratsa ta ƙarƙashinta ba, ina tsoron ranar da zai cire mahaifa ya ɗaure bututun bai sani ba.

Likitan yara: Hajiya, Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara gina darasi a kan matsalar majinyaci tun 1969, makarantar Peninsula ta Ingila kuma ta buɗe a 2002 ba tare da fiɗar gawa ba. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da ake kawo mana ƙafa tana ja, saboda an yi musu allura a tsakiyar ɗuwawu an taɓa jijiyar sayatik mai sauka zuwa ƙafa, maimakon a soka a sama ta gefen waje.

Malamar anatomi: Waɗancan makarantu suna da na'urorin hoto da malamai isassu. Mu da ɗalibai ke cincirindo a kan teburi ɗaya, idan aka ɗauke gawar, allo kaɗai zai rage.

Ɗalibin aji uku: Ranku ya daɗe, mu abin da jarrabawa take tambaya muke karantawa. Muddin tambayar ita ce a jero rassan jijiya, hadda za mu yi, ko da gawa ko babu.

Likitan tiyata: To, Hajiya, ki ba ni awa ɗaya ranar da za ku buɗe wuya, in kawo hoton mai maƙoƙo, in nuna musu jijiyar da ke dusashe murya idan wuƙa ta taɓa ta.