Ɗigo-ɗigo sun fito a kan bugun zanena, me zan yi?

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da bugun zane guda uku, irin waɗanda mai zanen yake sa hannu da lamba da fensir a ƙasa. Ɗaya yana cikin firam, ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa sun fara fitowa a gefensa. Biyun kuma suna naɗe a bututun kwali. Abin yana damuna ƙwarai.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yawanci laima ce ke kawo ɗigon nan. Ki duba ko takardar tana manne da gilashi, don danshi a nan yake taruwa. A sa kwalin gefe marar asid tsakaninta da gilashin, bayan firam ɗin ma haka, domin kwali na gama-gari yana sa takarda ta yi rawaya. Kada a kusanta salatif, gam ɗinsa yana barin tabo. Masu gyara suna maƙala ta daga sama kawai, da siririyar takardar Japan da ƙullun sitacin alkama. Ɗigon kuwa, don Allah kada ki goge, ki kai wa gwani.

Maman Zainab:
Yaya, ki fito da naɗaɗɗun nan, ki shimfiɗa su kwance, takarda marar asid tsakanin kowane biyu. Laimar ɗakin ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50.

Abu Yasir:
Na manta da haske. Gilashi mai tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, yana taimakawa, amma launin da rana ta cinye ba ya dawowa. Ki rataye zanen nesa da taga.