Abin da na gani a samfuri ya saɓa wa binciken Farfesana, saura wata huɗu in kare digiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan ban samu barcin kirki ba.

Ina digiri na biyu a ilimin duwatsu, ɓangaren burbushin halittu. Mai duba aikina dattijo ne da ya shafe fiye da shekara talatin yana karanta shimfiɗun dutsen wani kwari guda. Ba zan kama sunansa ba. Da amonait, burbushin wasu halittun teku masu murɗaɗɗen ɓawo, ya fara tun yana matashi, yana bin gaɓar rafi da guduma da igiyar awo, hawa bayan hawa, yana rubuta kaurin kowace shimfiɗa da abin da ya tsinta a cikinta. Daga baya ya koma kan foraminifera, ƙananan halittun tekun nan masu ɓawo da ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Shi ya raba jerin duwatsun kwarin zango-zango, bisa nau'in da ya fara bayyana da wanda ya ɓace, kuma har gobe jadawalinsa ake ɗauka a ɗora sabon bincike a kai. Malamai uku a sashenmu ɗalibansa ne. Akwatunan samfurinsa sun cika ɗaki guda, kowanne da rubutun hannunsa. Lokacin da mahaifina ya rasu na kusa ajiye karatu, shi ya kira ni ya zaunar da ni, ya sa ni cikin aikin da nake samun ɗan alawus. Ya ce in ya yi ritaya baɗi, ni yake so in riƙe ɗakin samfurin.

To ga matsalar. Akwai wata shimfiɗar baƙar laka da ya ce ta ƙarshen zamanin Kiretashos ce, saboda ya samu Globotruncana, wani jinsin foraminifera na wancan zamani, a ciki. Da na wanke samfurin wurin a rariya sai na ga wasu foraminifera ƙanana ƙwarai, kamar na farkon zamanin Daniyan, wato bayan babbar halakar halittun da ta rufe Kiretashos shekara miliyan 66 da suka wuce. In haka ne, iyakar da ya shata tsakanin zamanan biyu ba a wurinta take ba, kuma duk wanda ya bi jadawalinsa ya bi kuskure. In faɗa masa, ko in cire wannan shimfiɗar daga kundina in yi shiru?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara ashirin da biyu na yi ina tsintar foram, wato foraminifera, a aikin haƙar mai, kuma ina gaya maka tun yanzu, gurɓata ce. Duk ɗalibin da ya zo mini da "sabon abu" a watanninsa na ƙarshe, rariya ce ba ta wanku ba. Ƙaramin ɓawo ɗaya ya maƙale a idon rariya daga samfurin jiya, ya faɗo cikin na yau, shi ke nan ka sauya tarihin duniya. Kana tsoma rariyarka cikin shuɗin methylene, rinin da ke tona asirin ɓawon da ya maƙale, tsakanin samfuri da samfuri? In ba ka yi, ba ka da hujjar komai. Cire shimfiɗar, ka kare digirinka, ka nemi aiki.

Dakta Hadiza: Malam Habu, ka yi saurin yanke hukunci. Ɗana, wace girman rariya ka yi amfani da ita, kuma wace shi ya yi amfani da ita a lokacinsa? Nau'o'in farkon Daniyan ƙanana ne sosai. Masu bincike na wancan lokacin sukan tsinta daga abin da ya tsaya a kan rariya mai faɗin ido maikuron 125 ko 150 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ƙananan kuwa su bi ruwa su tafi. In kai ka duba abin da ya tsaya a kan 63, za ka ga abin da bai taɓa zuwa gaban idonsa ba. Sa'annan samun Globotruncana a shimfiɗa ba ya nufin a lokacin ta rayu. Ruwa kan zaizaye tsohuwar laka ya sake jibge ɓawonta cikin sabuwa. Ƙa'idar ita ce burbushi mafi ƙarancin shekaru shi ke ba dutse shekarunsa, matuƙar ba daga waje ya shigo ba. Zai yiwu ku duka biyun kun ga gaskiya.

Mai tambaya: Na gode Dakta. 63 na yi amfani da ita. Tasa ban sani ba, bai rubuta a takardar ba. Malam Habu, ba mu da shuɗin a ɗakin gwajinmu, amma ina wanke rariya da buroshi sosai, ni ba mai ganganci ba ne.

Malam Habu: Buroshi! Ka ga abin da nake faɗa. Ni ban ce kai mai ganganci ne ba, na ce ba ka da shaida. Samfuri nawa ma ka wanke?

Mai tambaya: Uku. Amma a duka ukun na gansu.

Malam Habu: Uku, da rariya ɗaya, a ɗakin da sauran ɗalibai ke wanke nasu. Mutum ya yi shekara talatin a kwari, kai ka zo da samfuri uku. Tun da masanin foram Joseph Cushman ya buɗe ɗakin gwajinsa a Sharon ta Amurka a 1923, kamfanonin mai suke dogara da foram wajen gane inda bakin haƙa ya kai, kuma abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya yarda da ƙaramin burbushi da ya bayyana ƙasa da inda ake tsammani. A rijiyar mai ɓarɓashi na zubowa daga sama. A fili kuma akwai ramukan da halittu suka tona, suka shigar da sabuwar laka cikin tsohuwa. Ka duba ramuka a inda ka ɗeba?

Aminu: Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da zan gaya maka, ɗan'uwa, kada ka nuna masa komai sai ka ɗauki hoto ka tura wa kanka da kwanan wata. Ni shekara biyu na yi ina auna jerin duwatsu, ƙafata har ta tsage, na tsinci abin da ya gyara shekarun wani zango, na kai wa mai duba aikina da hannu biyu. Bayan shekara ɗaya takarda ta fito, sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya, tare da direba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Kuma ba yau aka fara ba. William Smith, wanda ya gano cewa kowace shimfiɗa tana da nata burbushin, ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815, manya suka kwashi aikinsa suka fitar da tasu, shi kuwa a 1819 yana gidan yari saboda bashi. Sai 1831 aka ba shi lambar girma. Na bar fannin nan gaba ɗaya saboda irin wannan.

Mai tambaya: Allah ya saka maka, Aminu, amma Farfesana ba haka yake ba. Bai taɓa cire sunan ɗalibi ba. Tsorona ba sata ba ce, tsorona in karya masa zuciya a shekararsa ta ƙarshe. Wannan iyakar ita ce abin da aka san shi da shi.

Aminu: Ni ma haka nake cewa a lokacin.

Dakta Hadiza: Ɗana, kana raina shi ne da wannan tausayin. Mutumin da ya ba da rayuwarsa ga dutse ya san jadawali ba ya zama daram. Dubi yadda abin ya faru a Gubbio ta Italiya. A 1964 Luterbacher da Premoli Silva suka bayyana wani ƙaramin nau'in foram na farkon Daniyan, eugubina, a saman siririyar lakar da ta raba Kiretashos da Daniyan. Wannan lakar ce masanin duwatsu Walter Alvarez ya ɗeba, aka samu iridiyom, wani ƙarfe mai wuyar samu a doron ƙasa, mai yawa a ciki, takardarsu ta fito a 1980. Ba a tsayar da El Kef ta Tunisiya a matsayin ma'aunin iyakar na duniya ba sai 1991. In Farfesanka ya shata iyakarsa kafin wannan, da kayan aikin lokacinsa ya yi. Ko manya irin Gerta Keller da Jan Smit sun shafe shekaru suna jayayya a kan ɓawon Kiretashos da ake gani a saman iyaka, ko tsira suka yi ko ruwa ne ya sake jibge su. Ɗauki silaid ɗinka, ɗan farantin da ka jera ɓawon a kai, ka ajiye masa a ƙarƙashin madubi, ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da na kasa ganewa. Bar shi ya gani da idonsa.

Malam Habu: Dakta, wannan a jami'a yana da daɗin faɗa. Yaron nan wata huɗu gare shi. In dattijon ya ce a koma fili a sake ɗiba, an ƙara masa shekara guda. In ya ji haushi, waɗancan malamai ukun ɗalibansa su ne za su zauna a teburin jarrabawa. Wa zai ciyar da yaron a wannan shekarar? Ya kare tukuna. Dutsen da ya yi shekara miliyan 66 a kwance zai jira shi.

Zainab: Ni ma ɗaliba ce, amma a kan nanofosil nake aiki, burbushin da suka fi foram ƙanƙanta. Yaya, me zai hana ka ba wani ɗan gutsuren lakar da ba a wanke ba a shafa a gilashi a duba? Ba ya buƙatar rariya ko kaɗan, don haka maganar gurɓata ta faɗi. In an ga nau'o'in Daniyan a can ma, kana da shaida biyu. Mu namu mai duba aikin wata shida ke nan bai karanta babi ɗaya ba, kai ka samu mai zama da kai, kada ka ɓata.

Mai tambaya: Zainab, ba ni da sauran lakar. Ba ni na ɗebo daga fili ba, daga akwatunansa na ɗauka, ragowar abin da ya ɗebo tun da daɗewa, kuma ɗan kaɗan ne, duka na wanke.

Malam Habu: Innalillahi. Yanzu kake faɗa? Ka ƙarar da samfurin da aka kafa jadawalin a kansa, ba ka bar ko rabi ba? Ya sani?

Mai tambaya: Shi ya ba ni makullin ɗakin, ya ce in yi amfani da abin da nake buƙata. Kuma lakar ta riga ta farfashe cikin leda, ba za ta ƙara amfanar kowa ba. Da na raba ta biyu da ban samu abin tsinta ba. Abin da na wanke yana nan cikin kwalba, ban zubar ba.

Dakta Hadiza: Wannan ya ƙara sa dole ka je gare shi, yau ba gobe ba. Samfurin da ya daɗe a akwati lakabinsa kan iya musanya, kuma shi kaɗai ke da littafin fili da zai nuna daga wane hawa aka ɗebo.

Malam Habu: Ni kuma na ce kada ya je da maganar Daniyan. Ya je ya ba da haƙuri a kan samfurin kawai, sauran ya bar wa cikinsa.

Mai tambaya: Lakabin bai musanya ba, rubutun hannunsa ne, na san shi. Kuma ban ga laifin da na yi da zan ba da haƙuri ba. Ranar Litinin zan kai masa babi na huɗu, kuma shimfiɗar tana cikin babin. Akwai wanda ya san inda zan samu shuɗin methylene kafin lokacin, ko da ɗan kaɗan ne?